Farfelar da Ta Ƙi Fita

Wata Asabar da yamma na kai jikokina tafkin Jabi su shiga jirgin ruwa. Suna can suna musun wanda zai zauna a gaba, ni kuwa kunnena ya tafi wajen wata ƙara da ke fitowa daga bayan wata rumfa, ƙarar guduma a kan ƙarfe. Na bi ta. Wani saurayi ne ya kwantar da injin jirgi a kan tsohuwar taya, farfela ta cije a kan sandarta, shi kuma yana ta zuba wa bakin sandar duka. Ban san lokacin da na ce masa, "Samari, don Allah ajiye gudumar nan" ba.

Na san wannan ƙarar tun ina yaro a Yalwa ta Yawuri, lokacin da garin yake cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991. Da na gama firamare sai aka miƙa ni ga kawuna, bakaniken injin jirgi, mai rumfa a bakin ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 kogin Kwara ya faɗaɗa ya zama tafki, aka tashi Gungawa daga tsibiransu, tafiyar da filafili ke yi a da ta yi masa nisa. Duk mai hali sai ya ɗaura wa kwale-kwalensa inji, akasari Yamaha, ƙarami na masu su, babba mai ƙarfin doki 40 na masu ɗaukar fasinja da buhunan albasa zuwa kasuwanni.

A cikin duk ayyukan rumfar, babu wanda Kawu yake yi wa natsuwa kamar cire farfelar da ta kafe. Dalilin kafewar ma shi ya fara koya mini. Sandar ƙarfe ce mai haƙora a jikinta, cikin farfelar ma akwai haƙoran da ke shiga tsakaninsu. Idan ƙarafa iri biyu suka daɗe manne da juna a cikin ruwa, babu giris a tsakani, sai su fara cin juna, wani farin gari ya cika 'yar ƙofar da ta rage, ya sandare kamar siminti. Ga kuma zaren kalli. Yakan naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, zafin juyawa ya narkar da shi, ya yanka oyil sil, ruwa ya shiga giyabos. Idan Kawu ya kwance kusar mai ya ga man ya fito fari kamar nono, sai ya girgiza kai, don ya san dole farfela ta fita, ko tana so ko ba ta so.

Wata rana ya tafi suna ƙauye, ya bar ni a rumfa. Sai ga wani dattijo Basarke da injinsa a kafaɗar 'ya'yansa biyu. Da wannan injin yake ciyar da gida, jibi kuma kasuwa. Na cire fin, na kwance noti, na ja farfela, ko motsi. Na zuba kananzir, ban ba shi ko rabin awa ba na ɗauki guduma. Farfela dai ta fita. Amma bakin sandar ya baje, zaren noti ya mutu, kuma da na juya sandar da hannu sai na ji boris yana ƙara a ciki. Duk dukan da na yi a waje, a kansa ya sauka.

Da Kawu ya dawo ya daɗe yana shafa bakin sandar da babban yatsa. Bai ɗaga mini hannu ba. Ya juya ga dattijon ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, laifin rumfata ne, ni zan biya." Sai da aka ba wani direba sautu zuwa Anacha kafin a sami sabuwar sanda, kusan mako biyu. Kasuwa biyu ta wuce mutumin nan. Ni kuma Kawu ya ce kullum bayan sallar asuba in je in kama wa dattijon filafili har injinsa ya tashi. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Abin da ya fi ciwon hannun zafi shi ne dattijon bai taɓa tayar da maganar ba, kuma idan aka kawo masa abinci sai ya ce, "Ɗana, matso mu ci."

Bayan haka ne Kawu ya zaunar da ni a kan wata farfelar. Ya tsayar da sandar tana kallon sama, ya haɗa kananzir da baƙin mai ya tsiyaya a kan haƙoran, ya ce mu tafi gida. Da safe ya ƙara, da azahar ya ƙara. Sai ya mayar da noti a bakin sandar don ya kare zare, ya ɗauko wani ƙarfe mai ƙafa uku da wani maƙeri ya ƙera masa, ƙafafun suka kama bayan farfela, kusar tsakiya ta tokare sanda. Ya ɗaure da sifana kaɗan, ya kwarara tafasasshen ruwa a cibiyar farfelar, domin alminiyam ya fi ƙarfen sanda saurin buɗewa idan ya ji zafi. Wutar gas kuwa sai in komai ya faskara, saboda tana ƙona robar da ke cikin cibiyar, ta lalata sil. Ya ɗora guntun katako, ya ɗan ƙwanƙwasa gefe da gefe, ya ƙara rabin juyi, ya jira. Can sai muka ji "ɗas". Ya goge haƙoran da burushin waya, ya shafe su da giris har suna sheƙi, ya ce da mai injin ya riƙa kawo shi duk bayan 'yan watanni a cire a sake shafawa.

Aikin gwamnati ne ya kawo ni Abuja daga baya, na yi shekaru ban taɓa injin jirgi ba. Saurayin na Jabi ya dube ni, ya dubi farar shaddata, ya ce, "Baba, kun san aikin ne?" Na naɗe hannun riga na tsuguna, na shafa bakin sandar. Zaren bai mutu ba tukuna. Na ce ya mayar da notin, ya samo kananzir, gobe kuma ya je Apo wajen kanikawa ya aro abin janye boris mai ƙafa uku. Ya ce maigidansa yana son jirgin ya yi aiki yau, don Asabar ce ranar ciniki. Na ce ya kira mini maigidan a waya, ni zan yi masa bayani.