Kifin da Ya Ɓace a Kalambaina

Da an ambaci Kalambaina, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne siminti, da farar ƙura, da tireloli jere a bakin titi. Tun 1967 kamfanin siminti ke aiki a wannan gefe na Sakkwato, kuma tsakaninmu da bakin tekun Legas kusan kilomita 1,000 ne. Don haka mai karatu zai yi mamaki in na ce a falonmu akwai 'yar ƙaramar teku cikin akwatin gilashi. To akwai ta, kuma gadonta na yi.

Yayana ne ya kafa ta. A Legas yake kasuwanci, can ya ɗauko sha'awar, can kuma ajali ya riske shi a 2022, aka yi masa sutura a Agege a ranar. Mu dai waya kawai muka samu. Ya bar mini yaro ɗan shekara huɗu, da akwati mai cin lita 200, da kifi biyu masu ruwan lemo da fararen zane uku-uku, irin wanda yara ke kira Nemo saboda fim ɗin nan na 2003. Yaron ya ce babban na Abbansa ne, ƙaramin nasa.

Riƙon kifin teku a Sakkwato ya fi riƙon jinjiri wuya. Kowace lita tana son gram 35 na gishirin teku na musamman, wanda sai an yi saƙo daga Legas. Ruwan ba ya son ya wuce digiri 27, alhali a watan Afrilu zafinmu yakan haura 40. Ruwa yana ƙafewa ya bar gishiri a baya, dole kullum a cike giɓin da ruwan daɗi tatacce. In aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, iskar da kifin ke shaƙa sai ta ragu, shi ya sa batirin sola na gidanmu ya fi yi wa kifi hidima a kan mutane.

Wata Talata a Afrilun 2025, bayan daren da ko bango sai da ya yi zufa, aka wayi gari babu babban kifin. Masu kiwon irinsa sun san hanyoyin ɓatarsa. Yakan yi tsalle ya faɗo ƙasa, kyanwa ko tururuwa su gama da shi. Yakan shige matata. Ko kuma ya mutu a bayan dutse, ƙananan ƙaguwoyin da ake sakawa don share datti su cinye shi ƙarƙaf kafin asuba. Muka janye kabad, muka kwance matata, muka ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙaya ba mu gani ba.

Uwargida ta ce a gaya masa kifin ya koma teku kamar na fim. Inna ta ce a sayo wani a ɓoye a jefa, yaro bai san bambanci ba. Ana cikin shawara sai ga shi ya dawo daga Islamiyya, ya manna goshi a gilashi, ya daɗe, sannan ya juyo ya ce, "Baffa, shi ma Legas yat tahi?"

Allah Sarki! Falon ya yi tsit. Shekara uku ke nan tsofaffin gida suna ce masa Abbansa ya yi tafiya Legas, don tausayi. Ashe yaro yana nan yana jiran mota. Wanda bai ga gawa ba, bai ga kabari ba, zuciyarsa ba ta rufe ƙofa.

Na ja shi ɗaki, na ɗauko wani farin dutse da wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin fasa dutse, ya taɓa ba ni. A jikinsa akwai ɓawon dodon-koɗi, ya zama dutse, amma kowane lauje nasa na nan. Na ce masa, "Ɗana, ka san daga ina wannan ya fito? Nan Kalambaina." Masana ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wata teku marar zurfi ta malalo ta inda Sahara take yanzu har ta rufe ƙasar Sakkwato. Ɓawon halittunta ne ya taru ya danƙare ya zama farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Wato bangon ɗakin da muke zaune ma ragowar teku ne.

Sannan na gaya masa gaskiya. Na ce kifin ya mutu, ba zai dawo ba. Na ce Abbansa ma ya rasu, yana kwance a Agege, kuma kamar tekun nan, ya tafi amma ya bar alama, ga akwatin, ga shi kansa. Ya yi kuka mai yawa, irin kukan da ya makara shekara uku. Inna ta yi fushi da ni kwana biyu, a rana ta uku ta kira shi ta koya masa addu'ar da ake yi wa mamaci.

Akwai wani abin al'ajabi game da wannan kifi: duk a maza ake ƙyanƙyashe su, mafi girma a cikinsu shi ke rikiɗa ya zama mace, in kuwa ta mutu, namijin da ke biye ya girma ya maye gurbinta. Ƙaramin namu yanzu ya fara cika, shi kaɗai yake zagaye duwatsun, kuma yaron ne ke auna masa gishiri.

Da babban hutu ya zo, na kama hannunsa muka hau motar dare zuwa Legas. A bakin kabarin bai yi kuka ba. Ya ɗaga hannu ya karanta abin da Inna ta koya masa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana marayunmu, amin.