Shekarar ratse a karatun likita

A makarantun likitanci na Ingila akwai wata tsohuwar al'ada: ɗalibi ya dakatar da karatunsa bayan shekara ta biyu ko ta uku ko ta huɗu, ya ratse zuwa wani fanni guda, ya yi bincike a ƙarƙashin malami, ya karɓi digirin BSc, sa'an nan ya komo ya ɗora daga inda ya tsaya. Karatun shekara 5 ya zama na 6. A Oxford da Cambridge da Imperial da UCL ba zaɓi ba ne, an ɗinke shi cikin manhaja. A sauran wurare sai an nema. Ni ina kiran sa digirin ratse, domin wanda ya yi ratse bai bar hanya ba, zai dawo mata.

Shekaru da dama ɗalibai can suna rububinsa saboda maki da yake ƙara musu wajen rabon guraben aikin farko bayan kammalawa. Daga 2023 aka daina lissafa makin. Wannan ya yi mini daɗi, domin ya bar mai nema da tambayar da ta kamata tun farko: me kake son ka sani?

A nan gida lissafin ya fi nauyi. MBBS shekara 6 ce a takarda. Sai shekarar horo a asibiti, sai hidimar ƙasa, sai shekarun ƙwarewa ga mai son zama babban likita. A kan wannan ɗora yajin aikin ASUU na 2020, wata tara, da na 2022, wata takwas. Uban da ke Mabera ko Rijiyar Dorowa, wanda ya sayar da hatsi da dabba yana jiran ranar rantsuwa, shekarun nan a jikinsa ya ƙirga su.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da ɗiyar yayana, wadda ke aji uku a wata makarantar likitanci a Kudu mai irin wannan tsari, ta zo hutu ta faɗi niyyarta, mahaifinta ya dube ta ya ce, "Mi za ki yi da digiri biyu, ke da ba ki ƙare guda ba?" Ita kuwa ni ta juyo wa: "Baffa, ka yi mai bayani." Ban goyi bayan kowa ba a ranar. Na tambaye ta abin da take son bincikawa.

Ta ce cutar noma. Duk Basakkwace da ya ratsa aikin lafiya ya san ta: gyambon da ke farawa a dasashin yaro mai tamowa, cikin kwanaki ya cinye kunci da leɓe. (Baƙin likitoci kan yi mamaki idan suka ji ma'anar kalmar a Hausa, sunan cutar daga Girkanci ya fito, ba daga gona ba.) Tun 1999 akwai asibitin yara na musamman dominta a cikin garin nan, ƙungiyar MSF na aiki da shi tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Tambayar yarinyar ƙarama ce mai kaifi: kwana nawa ke wucewa tsakanin kumburin farko da isowa asibiti, kuma ina uwa ke zuwa a tsakani? Ɗaliba mai jin Sakkwatanci, wadda tsohuwa daga Gwadabawa ba za ta ji nauyin gaya wa cewa wajen wanzami aka fara zuwa ba, tana da abin da baƙon masani ba shi da shi.

Da na ji haka na karkata wajenta, amma da sharuɗɗa, kuma su ne ainihin neman. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan babbar jarrabawar ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, kafin a shiga ɗakunan majinyata. Wanda ya ratse bayan ya fara duba marasa lafiya hannunsa kan yi sanyi. Sakamakon jarrabawar ne zai fara yi mata magana. Malamin da zai kula da aikin ya fi sunan kwas ɗin muhimmanci, kuma ba mafi girman muƙami ake nema ba, wanda ɗalibansa na baya suka gama a kan lokaci ake nema. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike kan ɗauki watanni, balle aikin da ya shafi yara, don haka a fara shi tun kafin shekarar ta kama. A tambayi mai biyan tallafin karatu ko ya yarda da ƙarin shekara. Sama da kome, ta riƙe takarda mai sa hannun shugaban kwaleji cewa gurbinta na aji huɗu yana jiran ta. Alkawarin baki ba ya tsira daga canjin shugabanci.

Ba kowa zan ba wannan shawara ba. Wanda ke neman ado a takardar neman aiki, ko hanyar fita waje, ya haƙura. Zai gamu da bincike a aikin lafiyar al'umma na ajin ƙarshe, zai kuma rubuta kundi dole kafin kwalejin ƙwararru ta ba shi shaidar ƙwarewa. Sai dai a lokacin yana da kwanan asibiti da iyali a wuya, kuma da yawa a nan suke fara koyon ƙididdiga a gurguje. Ita za ta koye ta da shekara guda a hannu.

Da yayana ban kawo zancen ilimi ba, don ba shi ne damuwarsa ba. Mun zauna da biro muka lissafa kuɗin makaranta da na masauki da na mota tsakanin Kudu da Sakkwato, na ɗauki rabin. Ya ce ta kawo takardar gurbin ya gani da idonsa kafin ya sa albarka. An ce za a ba ta bayan an fitar da sakamako.