Akun da ya hana Musa fita

Wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa yana iya manta sunan malamin lissafi, amma da wuya ya manta akun Magana Jari Ce. Tun 1937, da kashi na farko na wannan littafi na Abubakar Imam ya fito daga Zariya, tsuntsun nan yake zaune a zukatan yara.

Ba shi da ƙarfin zaki, ba shi da ha'incin Gizo. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa kuma ya nace sai ya bi rundunar. Kowane dare aku yakan ɗauko sabon labari, har gari ya waye ɗan sarki bai fita ba. Da baki ya ceci rai, da baki ya sami waziranci. Yaron da yake takure a bayan aji ya gane cewa ƙarami ma yana iya rinjayar manya.

Yau yaran nan sun zama iyaye. Littafin yana kan kanta ya yi ƙura, 'ya'yansu sun duƙufa kan waya. Aku kuwa ba ya buɗe baki sai wani ya zauna ya karanta musu da murya.