Abin da gawayi da lemun tsami suka yi wa haƙorana, da abin da likita ta yi

1/ Jiya na ga wata baiwar Allah ta tambayi yadda za ta haskaka haƙoranta kafin bikinta, sai ga mutane sun yi mata caa da shawara: gawayi, lemun tsami, bekin soda, toka. Na kasa haƙuri. Ni na bi hanyar gida, na bi ta asibiti. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta.

2/ Tun ina ƙarama haƙorana huɗu na gaba suke da tabo: fari-fari kamar an ɗiga alli, sai layi ruwan ƙasa a tsakiya. A yankin Kaltungo na taso, can Baba ya yi aikin koyarwa. A can ba mai kallon bakinka, don yara da yawa haka nasu yake. Sai da muka dawo Kano na san wai abin magana ne.

3/ A makarantar kwana aka laƙaba mini "Mai goro", ni da ko ɓari ɗaya ban iya ci ba. Wata siniya ta taɓa ce mini a gaban mutane, "Ke wai ba kya goge baki ne?" Sau uku nake gogewa a rana fa. Daga nan na koyi dariya da hannu a baki.

4/ Da aka sa ranar aurena, saura wata huɗu, na ce wallahi ba zan shiga hoton biki da bakin nan ba. Na fara da gawayi. In daka shi, in tankaɗe, in dirza da buroshi safe da dare. Satin farko na ji daɗi, haƙoran gefe sun ɗan washe. Tabon gaba kuwa ko gezau.

5/ Sai wata ƙawata ta ce ai ban haɗa daidai ba, in matse lemun tsami a kan bekin soda. Yana kumfa, ni kuma ina ganin kumfan nan alamar aiki ce. In shafa, in bar shi minti biyar, in dirza. Na yi kusan sati shida a haka.

6/ Ban tsaya nan ba. Na sayi irin kayan nan da ake tallatawa a Instagram: roba mai shuɗiyar fitila da ake cusawa a baki, da wani jel a cikin sirinji. Kwalin bai faɗi abin da ke cikin jel ɗin ba, balle ƙarfinsa. Ni dai hoton "kafin" da "bayan" na gani na tura kuɗi.

7/ Robar ta yi wa bakina yawa, jel ɗin yana malalowa kan dasashi. Rana ta uku dasashina ya yi fari fat a wurare biyu, yana zafi kamar na kurɓi tafasasshen shayi. Na kira mai kayan, ta ce, "Haba hajiya, ai datti ne yake fita." Na yarda, na ci gaba.

8/ Abin da ya tsayar da ni ruwan randa ne. Na kurɓa da asuba, sai na ji wani abu ya tsarga mini daga haƙori har tsakar ka. Bayan nan ko iskar fanka ta shiga bakina sai na runtse ido. Na duba madubi: haƙoran sun fi da rawaya, bakinsu kuma ya yi shara-shara kamar gilashi.

9/ Umma ce ta ce, "Ke dai garin neman gira za ki rasa ido. Gobe ki shirya mu je asibiti." Muka tafi sashen haƙori na wani asibitin gwamnati, muka yanki kati, muka bi layi. Likitar mace ce. Tana haska fitila ta ce, "Amarya, a ina kika yi ƙuruciya? Ruwan me kuke sha?"

10/ Na yi mamaki, na ce ruwan rijiyar burtsatse, a Kaltungo. Ta gyaɗa kai. Ta ce tabon nan ba datti ba ne, kuma ko shekara goma zan yi ina dirza ba zai fita ba, don a cikin haƙorin yake. Bayanin da ta yi mini ranar shi ne dalilin zaren nan. Ga shi yadda na fahimta.

11/ Haƙori hawa-hawa ne. Na waje shi ne ɓawo mai ƙarfi da likitoci ke kira inamel. Ƙarƙashinsa akwai dentin, shi kuma asalinsa rawaya-rawaya ne, yana da 'yan ƙananan hanyoyi da suka nufi jijiya. Ɓawon nan idan ya cinye ba ya sake tsirowa. Ba fata ba ce, ba farce ba ne.

12/ Shi ɓawon yana fara narkewa idan tsami ya sauka ƙasa da wajen 5.5 a ma'aunin pH. Ruwan lemun tsami yana wajen 2 zuwa 3. Wato tsamin ya tausasa ɓawon, ni kuma na bi da gawayi na kankare. Ɓawo ya yi siriri, rawayan dentin ya fito, sanyi ya samu hanyar jijiya. Ni da hannuna.

13/ Ta ce launin haƙori iri uku ne, kowanne da maganinsa. Na farko wanda ya hau kai daga waje: goro, shayi, kofi, taba, da dattin da ya daskare a gindin haƙori. Wannan wankin haƙori a asibiti yake fitar da shi, da injin da ke ɓamɓare daskararren, sannan a goge. Ba a sa sinadarin haske ma.

14/ Na biyu launin da ke cikin haƙorin kansa, na halitta ko na shekaru. Wani dama nasa ba fari tas ba ne, kuma lafiyarsa ƙalau. Wannan ne ake haskawa da sinadarin feroksaid, wanda yake ratsa ɓawon ya karya launin daga ciki. Gogewa, ko da me aka yi ta, ba ta kai wa can.

15/ Na uku irin nawa, wanda ya ginu tare da haƙorin tun yana cikin dasashi, kafin yaro ya kai wajen shekara 8. Yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha yana jawo shi. Maganin tetirasaikilin ma, idan aka ba ƙaramin yaro ko mai ciki, yana barin nasa launin toka-toka ko ruwan ƙasa.

16/ Akwai kuma haƙori guda ɗaya da ya yi duhu shi kaɗai, sau da yawa bayan an bige shi. Wannan yana iya zama jijiyarsa ce ta mutu, magani yake buƙata kafin a yi zancen haske. Kun ga ke nan mutum huɗu za su iya cewa "haƙorina ya yi kala", kuma babu wanda maganinsa ya yi daidai da na wani.

17/ Toh, ga hanyoyin gida yadda suke. Makilin mai rubutun haskakawa: yawancinsa tabon sama yake gogewa, na shayi da goro. Yana da amfani daidai gwargwado, amma ba ya sauya asalin launi. Shi kuma mai kalar shunayya ɗin nan da ake yayi, rufa ido ne, yana dusashe rawayan na ɗan lokaci ya wuce.

18/ Aswaki: yana tsabtace haƙori sosai idan an iya amfani da shi, a hankali, ba dirza ba. Amma shi ma tsabta ce, ba ya shiga ciki. Gawayi da toka: kankara ce kawai. Lemun tsami da binega: kada ma a fara, don Allah.

19/ 'Yan ledoji masu mannewa a haƙori, na kamfanonin da aka sani, waɗanda suka rubuta adadin feroksaid a kwali: suna aiki a kan launi iri na biyu, a hankali cikin sati biyu ko makamancin haka. Matsalarsu ba su san kana da kogo ko ciwon dasashi ba. In akwai kogo, sinadarin zai faɗa ciki, za ka ji a jikinka.

20/ Don ku ga ba wasa ba ne: a ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, abin da ya wuce kashi 0.1 cikin 100 na haidurojin feroksaid ba a sayar wa mutum kai tsaye. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa ɗan ƙasa da shekara 18 don ado. Ni kuwa na zuba sirinji marar rubutu a bakina.

21/ Hanyoyin asibiti biyu ne. Ta farko a kujerar likita: a rufe dasashi da abin kariya, a shafa jel mai ƙarfi, cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi an gama. Sauri gare ta, tsada gare ta, kuma ta fi sa tsamin haƙori. Wani ɓangare na farin ranar farko bushewa ce, bayan 'yan kwanaki yana ɗan ja baya.

22/ Na tambaye ta fitilar fa? Ta yi dariya. Ta ce jel ɗin ne mai aikin, binciken da aka yi bai nuna fitila tana ƙara wani abin kirki ba. Balle irin tawa ta batir.

23/ Ta biyu ita ce tsaka-tsaki: likita ya auni bakinka, a ƙera maka roba daidai haƙoranka, a ba ka jel ka tafi gida. Galibi kabamaid feroksaid ne mai kashi 10, wanda ƙarfinsa ya yi daidai da wajen kashi 3.5 na haidurojin feroksaid. Tun 1989 aka bayyana hanyar nan a Amurka, har yau ana yin ta.

24/ Bambancinta da kayan Instagram shi ne robar ta kama haƙori cif, jel ba ya malala kan dasashi, ka san abin da ka sa da ƙarfinsa, kuma akwai wanda za ka koma wurinsa in ka ji zafi. Tana cin sati biyu ko fiye. A ƙarshe hasken da take bayarwa bai gaza na kujera ba.

25/ Ni na so a yi mini ta kujera ranar nan nan. Likita ta ce, "A'a amarya, haƙorin da ke kuka da ruwan randa ba a zuba masa wannan." Ta hana ni komai na wata guda. Buroshi mai laushi, makilin na masu tsamin haƙori, sai wani abu mai fuloraid da ta shafa mini. Aka wanke haƙoran, aka cike wani ƙaramin kogo da ban san da shi ba.

26/ Bayan zafin ya lafa ta yi mini aikin tabon: wani haɗi na musamman ta murza a kan layin ruwan ƙasan kaɗai, ta cire siririn sama, dasashi a rufe. Sannan roba da jel na sati uku, dare ɗaya in sa, dare ɗaya in huta saboda raunin da na riga na jawo wa kaina.

27/ Sakamako, ba ƙari: ruwan ƙasan ya tafi kusan duka. Fari-farin yana nan, har ya fi fitowa a satin farko na tsorata, daga baya da sauran haƙorin ya haskaka sai suka saje. Haƙorana ba su zama irin na 'yan fim ba. Ta ce irin wancan sau da yawa rufi ne ake mannawa a gaba, wani kuma sai an fiƙe lafiyayyen haƙori. Na ce na yafe.

28/ Na yi dariya a hoton bikina, baki buɗe. Amma har yau ba na iya tauna ƙanƙara, zoɓo mai sanyi sai da tsinken sha. Ɓawon da na kankare ya tafi ke nan. Kuma da na haɗa kuɗin makilin kala-kala da kayan fitila, sun fi abin da na biya na kati da wankin haƙori.

29/ Abubuwan da mai talla ba zai faɗa miki ba: jel ba ya haskaka ciko ko haƙorin roba, za su tsaya da launinsu. Hasken ba na har abada ba ne, daga watanni zuwa 'yan shekaru, ya danganta da shayinki da goronki. Mai ciki da mai shayarwa ana ce musu su dakata. Amare kuma, ba a fafe gora ranar tafiya, ku fara da wata uku.

30/ Abin da ya fi tsaya mini a rai yara ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a ruwan sha miligiram 1.5 a lita. Idan ya yi yawa sosai ba haƙori kaɗai yake taɓawa ba. A Tibiri ta jihar Maraɗi ruwa mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama. Tafasa ruwa kuma ba ya cire shi.

31/ In yaran unguwarku da yawa suna fitowa da irin tabon nan, ku nemi a gwada ruwan rijiyar, ku sama wa ƙanana wani ruwan sha. Kada kuma a ce makilin mai fuloraid ne abokin gaba, yana kare haƙori daga kogo. A dai sa wa ɗan ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa, zuwa shekara 6 kamar ƙwayar wake, a koya masa tofarwa.

32/ Ke da kika yi tambaya jiya, da duk mai irin damuwarki: kafin ki sayi komai, je a duba a gaya miki wane irin launi ne naki. Wataƙila wanki kawai kike buƙata, ki fito ranar da murmushinki. In kuma kin ga yarinya mai tabo a haƙori, kada ki ce mata ba ta goge baki. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, abin da na sani zan faɗa, sauran na likita ne.