Akwatin Wayoyin Maigidana

Daga 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato, zuwa ƙarshen 1999, hayar lasifika sana'a ce mai ci a yammacin Zamfara. Sabuwar jiha ta zo da sababbin masu kuɗi da sababbin masu neman kujera, kowa kuma yana so a ji shi. Biki, suna, naɗin sarauta, maulidi, taron jam'iyya, duk sai an kafa ƙaho a kan icce. A lokacin ina ɗan sakandare a Gummi, ina yaron wani mai lasifika. Nakan ɗauki batirin mota, in hau darbejiya in ɗaura ƙaho, in an tashi kuma in naɗe waya. Muna bin hanyar Daki Takwas zuwa Nasarawar Burkullu da Bukkuyum, wani lokaci har Anka, a bayan a-kori-kura, mu da buhunan gero.

Kayan maigidana ba su da yawa: amfilifaya Ahuja 'yar Indiya, ƙahoni, makirfo, da ƙaramin janareta mai gardama. Amma abin da ya fi tsarewa shi ne wani akwatin ƙarfe irin na amare, cike da wayoyi. Amfilifaya kowa na iya taɓawa. Akwatin nan kuwa makullinsa na aljihunsa, har masallaci.

Ba ya sayen waya don sunan da aka buga a jikinta, don ya san a kasuwar Alaba ta Legas ana iya buga kowane suna. In an kawo masa naɗi daga Sabon Garin Kano, sai ya yanki ɗan guntu, ya feƙe robar da reza, ya dubi saƙar da ke lulluɓe da cibiyar. In saƙar ta yi kauri har ba a hango farin ciki, ya gyaɗa kai. In 'yan silalla ne aka karkaɗa don a ce an yi, ya ajiye. Sannan ya zaro sili guda ya kankare da bakin reza. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki; na algus da an kankare sai farin alminiyam ya fito. In yana shakka ya ƙyasta ashana: alminiyam ya lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe ya yi ja ya tsaya. Na taɓa jin ya mayar wa wani ɗan kasuwa naɗi guda yana cewa, "Alhaji, wagga ba waya ta ba, igiyar shanya ta."

Sai kan wayar. Wanda aka narka roba aka rufe shi ruf, ba ya kallonsa sau biyu, komai kyansa. Yana son na ƙarfe mai murɗi, wanda za a kwance a ga inda aka liƙa. Dalilinsa kuwa waya ba ta cika mutuwa a tsakiya ba, a wuya take mutuwa, inda ake ja da lanƙwasawa. Kan da ke buɗuwa, ko a ƙauyen da ba shago, minti kaɗan ya isa a gyara. Na roba kuwa ranar da ya mutu ya mutu.

A wurinsa na koyi cewa ba duk waya ce waya ba. Ta lasifika sili biyu ce masu kauri, ba lulluɓi. Ta makirfo mai ƙafa uku ce, saƙo na tafiya ta sili biyu, duk hayaniyar da ta shiga a hanya sai ta kashe kanta in an iso amfilifaya, shi ya sa ake jan ta daga rumfa har bakin fili. Mai kan tsinke ɗaya kuwa, irin ta jita, raguwa ce: in ta wuce mita 6 sauti ya fara dushewa, ta kwaso gurnanin janareta, da dare ma har wata tashar rediyo mai yaren da ba mu sani ba takan leƙo cikin ƙaho ana tsakiyar kirari.

Ƙasarmu ba ƙasar jita ba ce. Ƙasar Narambaɗa ce da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, mutanen da muryarsu da kotso da kalangu suka cika fada ba tare da batir ba. Don haka ranar da wani attajiri ya ɗauko makaɗan jita daga Nijar, suka biyo ta Ƙonni da Illela zuwa bikin ɗansa a Nasarawar Burkullu cikin hunturu, gari ya taru tun kafin magariba. Mu aka ɗauka mu ba su lasifika.

Babbansu yana da wata na'ura da yake ɗorawa a kan amfilifaya, ita ke sauya muryar jitar, ta yi kauri, ta yi amsa-kuwwa, ta yi kuka. A gabansa kuma, a ƙasa, wani faifan ƙarfe mai maɓallai da yake takawa da ƙafa. Waya ɗaya siririya ta haɗa su, mai zagayayyen kai da ƙafafu biyar. Da aka zo gwaji, ya taka, shiru. Ya sake takawa, na'urar ko ƙyaftawa. Ya murza wuyan wayar, lambar da ke jikin na'urar ta sauya, ya saki, ta tsaya. Kan roba ne, kuma ita kaɗai gare shi. Irinta mafi kusa sai Sakkwato ko Gusau, in ma an dace.

Maigidana ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Malam, ka yarda in yanka?" Mutumin ya yi jim. Ya ce, "Baba, in ta lalace fa?" Ya ce, "Ai ta riga ta lalace." Ya tsaga robar da reza a hankali, ya haska tocila. Cikin ƙafafu biyar ɗin, uku kaɗai aka liƙa wa waya: ta tsakiya ta ɗauki lulluɓi, biyun da ke gefenta suka ɗauki sili ɗai-ɗai, na bakin iyaka biyu kuwa fanko. Ya yi dariya ya ce da ni, "Kai yaro, wagga ai wayar makirfo ta, anka sake mata kai. Ruga wurin mai gyaran rediyo."

Gaskiyarsa. Irin wannan kai shi ne a jikin tsofaffin rediyo da rikoda na Turai, su Grundig da Philips, kuma kowane mai gyara yana da su a buhun tarkace. Daga baya na san cewa tsarin sunansa MIDI, kamfanonin kayan kiɗa na Japan da Amurka suka amince da shi a 1983, suka ari kan da Jamusawa suka daɗe suna amfani da shi. Ba sauti ke bi ta cikinta ba, umarni ne kawai, koma lamba kaza, kuma an tsara ta kai har mita 15 lafiya. Maigidana bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na kawo kan, shi dai ya tura ƙarfen liƙi cikin kurfotin mai shayi har ya yi zafi, ya yanko wayar makirfo mafi kyau a akwatin, ya kwaikwayi abin da ya gani. Ya ɗaure wuyan da baƙin salatif, ya ratsa wayar ta bayan ƙafar teburi don kada mai rawa ya fizge. Aka taka, lamba ta sauya. Suka yi kiɗa har janareta ya shanye mai. Da safe mai jitar ya ce a yi masa ta biyu, ya biya ba ciniki.

Ba mu sake ganin irinsu ba. A Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, kiɗan dare ya ja baya. Aiki dai bai ragu ba, ya koma tafsirin azumi da wa'azi da musabaƙa da yaƙin neman zaɓe. Kuma, Allah ya gafarta malamai, sun fi makaɗa cin waya, don in wa'azi ya yi zafi makirfo ake fizga.

Akwai wata ɗabi'a ta masu sana'ar da nake tunawa da ita yanzu da wani ido daban. Hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya da kan waya, to zaren dalmar liƙi sai a cije shi a haƙori. Kowa haka yake yi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinya. Ba liƙin waya ya jawo wannan ba, amma dalmar ita ce dai. Turai ta hana sa ta a yawancin kayan lantarki tun 2006, a kasuwanninmu kuwa har gobe naɗin da ake sayarwa kusan kashi 40 cikin ɗari dalma ne. In na ga yaro a rumfar gyaran waya ya cije shi, sai na yi magana, ko zai ce na cika shisshigi.

Yanzu samari na tambayata ko a haɗa irin na'urorin mai jitar nan da USB, ko a bar waya gaba ɗaya. USB ba ta son wuce mita 5, kuma ɗan ja kaɗan ta zame. Mai kan wayar intanet tana da ɗan harshen roba da ke karyewa cikin ƙura da takawa. Marar waya kuwa batir ne ubangidanta, shi kuma ba ya sallama kafin ya tafi. Ni har yanzu mai ƙafa biyar nake zaɓa, da kan ƙarfe mai murɗi, da ta biyu a jaka. A hanyar Anka zuwa Gummi ta yau, inda direbobi ke neman isa gida kafin la'asar saboda 'yan bindiga, ba wanda zai tura yaro Gusau neman waya ana tsakiyar taro.