Wata 14 ba a kira ni da sunana ba

 Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Ɗancawo, kusa da Magarya. Karatuna na lakwal bai wuce aji 6 ba. Kowace shekara, da an gama ɗaurin hatsi, samari kan zo wurina neman labarin cin rani a Aljeriya. Nawa ne kuɗin mota? Nawa ake biyan lebura? Ba wanda ya taɓa tambaya ta da wane ido ake duban mutum can. To, shi zan faɗa muku yau.

Na tafi bayan kakar 2016. Dami 23 muka samu, ga baki 11 a gida. Ko yaro ya san ba za su kai mu shuka ba. Tsohuwata ba ta so tafiyar ba. Ta tuna mini da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit cikin watan Oktoba na 2013. Yara 52 ne, da mata 33, da maza 7, da yawansu mutanen Kance, nan maƙwabtanmu. Na ce mata Allah ya jiƙan su, amma yunwa ma kisa take. Na sayar da rago da awaki 2, na kama hanya: Damagaram, Tanut, Agadas, Arlit. Daga nan muka tsallaka iyaka da dare, sai Tamanrasat. Na yi wata 2 can ina ɗaukar bulo, na tara kuɗin mota zuwa Aljer, babban birninsu na bakin teku. Tsakanin garuruwan nan biyu kusan kilomita 2000 ne.

A Aljer na samu aikin gini. Mu 9 ne baƙaƙe a wurin, daga Nijar da Mali da Gine. Mai aikin bai tambayi sunan kowa ba. Dukanmu suna ɗaya gare mu: kamarad. In ransa ya ɓaci kuma, sai kahlush. Da fari na ɗauka sunan lebura ne. Wani ɗan Mali da ya daɗe can ya ce mini ma'anarsa baƙi, amma da raini, kamar yadda ake kiran kare. Akwai wata kalmar da ta fi ta muni, wato abid, ma'ana bayi. Wani lokaci kuma su ce mana ƴan Afirka. Wannan kam dariya ta ba ni. Ni da na yi aji 6 na san taswira, Aljeriya cikin Afirka take, ita ce ma ta fi kowace ƙasa faɗi a ciki.

Kada ku zaci duka ake yi mana kullum. A'a. Ƙananan abubuwa ne, su ne kuwa ke cin rai. Ka je sayen burodi, kai ka riga kowa zuwa, sai an sallami mutum 5 da suka zo bayanka. Ka miƙa kuɗi, a nuna maka tebur ka ajiye, don kada hannu ya taɓa hannu. Ka shiga motar haya, ta cika maƙil, mutane na tsaye, amma kujerar da ke kusa da kai ba mai zama. Yara su bi ka suna toshe hanci suna cewa Ebola, alhali cutar nan ta 2014 ba ta ko shigo Nijar ba. Iyayensu na zaune suna kallo. Ranar biya kuma, ni dinari 1200 a yini, ɗan ƙasa da muke tura baro ɗaya da shi dinari 2000.

Duk wannan na haɗiye. Na ce baƙo ne ni, ba ni da takarda, wanda ya shiga gonar wani ba ya zaɓen inuwa.

Abin da ban iya haɗiyewa ba, a masallaci ya same ni. Wata Juma'a muka tsaya sahu. Ku kun san yadda liman ke cewa a daidaita sahu, kafaɗa da kafaɗa. Na matsa wajen na damana, sai ya janye. Na duba hagu, shi ma ya bar fili. Tsakanina da kowannensu yaro na iya tsayawa. Da aka sallame, wani saurayi ya tare ni bakin ƙofa. Ya ce wai ni musulmi ne da gaske? In haka ne in karanta Fatiha ya ji. Jama'a, ni da na yi shekara 7 a makarantar allo! Kakana a masallacin garinmu ya yi ladanci har ya rasu. Na buɗe baki in karanta, sai na ji harshena ya yi nauyi. Ban karanta ba. Na ɗauki takalmana na tafi. A hanya ina ta tunanin Bilal, baƙin mutumin Habasha, wanda shi ne ya fara kiran salla a Musulunci. Daren nan ban ci abinci ba.

Amma in na ce duka haka suke, na yi ƙarya, Allah kuwa zai tambaye ni. Cikin azumin 2017 akwai wani tsoho mai gadin gidan da ke kusa da wurin aikinmu. Wata rana da magariba ya yafuto ni. Ya ce: “Ɗana, zo mu sha ruwa.” Kwano ɗaya muka ci, moɗa ɗaya muka sha. Da muka je masallaci ya tsaya kusa da ni, ya manna kafaɗarsa da tawa. Shi kaɗai ne cikin mutanen ƙasar ya tambayi sunana. Bai iya faɗinsa daidai ba, amma yana ƙoƙari. Ban sa shi cikin lissafin wata 14 ɗin nan ba, don shi daban ne. Kullum ina sa shi cikin addu'a.

Farkon 2018 aka zo kame wurin aiki. Ba a tambayi takardar kowa ba kafin a sa shi mota. Fata aka duba. Kuɗin aikina na wata 2 suna hannun mai aiki, wayata da bargona suna ɗaki, duka can suka tsaya. Tun ƙarshen 2014 ake kwaso ƴan Nijar ayari-ayari ana maido su gida, bisa wata yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Mu aka kawo mu har Asamaka cikin manyan motoci. Ƴan sauran ƙasashe kuwa a kan sauke su cikin rairayi, kilomita 15 kafin garin, su ƙarasa da ƙafa.

Wani zai ce ai rashin takarda ne ya ja mana. To, a watan Janairu na 2019 an zaɓi wata yarinya, Khadija Ben Hamou, sarauniyar kyau ta Aljeriya. Ƴar ƙasa ce, daga jihar Adrar ta kudu. Don fatarta ta yi duhu, zagin da ta sha wurin waɗansu ƴan ƙasarta har gidajen rediyon waje sun ba da labarinsa. Ita wace takarda ta rasa?

Yanzu ga inda maganar ta juyo kaina.

Bayan dawowata aka ba ni horo, na fara koyar da manya da rani. Muna da ɗalibai 26 a rumfa. Cikinsu akwai wani makiyayi da ke zuwa daga ruga, ya girme ni da kamar shekara 10. Kullum can bakin tabarma yake zama, rabin jikinsa a ƙasa. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya matsa masa. Kowa ce masa yake Bafillace. Wata rana alƙalamin wani ya ɓata. Ban ce komi ba, amma na ga idon mutum 25 ya koma wuri ɗaya. Nawa idon ma can ya je. Daga baya aka ga alƙalamin cikin aljihun mai shi.

Da dare na buɗe littafin sunaye. Kowa da sunansa da na ubansa. A layi na 26, da hannuna, na rubuta Bafillace. Sati 3 ina kiran mutum haka kowace rana, yana amsawa. Sai na tuna da mai aikin nan na Aljer, kunya ta kama ni ni kaɗai cikin ɗaki.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce nan ba maganar launi ba ce, shi ma ya fi mu haske. Gaskiya ne. Za su ce kuma wasa ne, irin na taubasai. Wannan kam ban yarda ba. Wasan taubasai, in ka jefa a kan jefo maka, ku yi dariya tare. Mutumin nan bai taɓa ramawa ba. Murmushi kawai yake, ya sunkuyar da kai. Na san murmushin nan sarai, na yi shi wurin sayen burodi.

Washegari, kafin mu fara, na ce masa: “Malam, ka yi mini aikin gafara. Mi sunanka?” Ya dube ni ya daɗe, kamar yana jiran a yi dariya. Sannan ya faɗa, da sunan mahaifinsa. Na rubuta a baƙin allo da manyan baƙaƙe. Na ce darasin yau ke nan, kowa ya kwafa. Waɗansu suka yi gunaguni, amma suka kwafa. Shi ma ya kwafa, baƙi 5 ne, ya yi su sau 4 kafin su tsaya daidai.

Wani dattijo cikin ɗaliban ya same ni bayan darasi. Ya ce: “Mushe, suna kam mun koya. Amma shanunsu sun ci mini wake bara, kada ka ce in zauna kusa da shi.” Na tambaye shi ko shanun wannan mutumin ne. Ya ce bai sani ba, ai duka ɗaya ne. Har aka rufe karatun ranin nan ban ciwo kansa ba. Makiyayin dai ya hau tabarma, kusa da allo yake zama yanzu, don ya ce idonsa ba ya gani daga nesa.