Kifin hunturu a gaɓar Tunga

Mai karatu, idan kana zaune a Lafiya kana cin miyar kifi duk mako, ya kamata ko sau ɗaya ka je ka ga inda kifin nan yake fitowa. Ni sai a watan Janairun nan na samu na je, bayan shekara da shekaru ina cewa "sai na samu sarari".

Mun bar Lafiya bayan sallar asuba, ni da maigidana da ɗanmu mai shekara 9. Hanyar ta bi ta Obi, ta wuce Awe, garin gishiri, sannan ta gangara Tunga a bakin kogin Binuwai. Hazo ya rufe ko'ina, kuma duk man kaɗanyar da na shafa bai hana leɓena tsagewa ba.

Wanda ya san Binuwai da damina ba zai gane shi yanzu ba. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito tsibiri-tsibiri a tsakiyar kogi, har masunta sun kafa bukkoki a kai. Wani dattijo da muka samu yana ɗinkin koma ya shimfiɗa mana buhu muka zauna. Na ce, "Baba, da wannan sanyin kifi yana kamuwa kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "'Yata, yanzu ne ma muka san gidansa." Bayaninsa shi ne, idan ruwa ya janye kuma ya yi sanyi, kifi yakan rage yawo, ya taru a gurbi mai zurfi inda ruwa ba ya gudu sosai. Mai ƙugiya sai ya yi haƙuri, domin kifin ba ya rububin abinci kamar lokacin zafi. Haka abin yake a kogunan Amurka, inda masu kamun wani kifi da suke kira bas suke neman irin waɗannan gurabu idan sanyi ya tsananta. Sai dai su da yawansu don nishaɗi suke yi, su kama su saki. A Tunga wanda ya saki kifi ya saki kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Wajen ƙarfe tara kwale-kwale suka fara dawowa. Tarwaɗa ce ta fi yawa, sai karfasa da ƙurungu, ga kuma giwan ruwa guda ɗaya da mata 'yan sari suka yi wa caa kafin ma a sauke shi. Na sayi karfasa tana motsi.

To, ga abin da ya sa na kawo wannan tafiya shafin lafiya. Taruwar kifi a wuri ɗaya tana jawo marasa tsoron Allah. Dattijon bai ɓoye mini ba cewa akwai masu zuba guba a gurbi da dare, gari ya waye kifi ya taso, manya da ƙanana. An daɗe ana wannan ta'asa a kogunan ƙasar nan da maganin ƙwari irin su Gamalin 20. Sinadarin da ke cikinsa, lindane, an sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta amince a daina amfani da su tun 2009, domin yana taruwa a kitsen jiki, kuma idan ya yi yawa yana kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya. Dafuwa ba ta da tabbacin kawar da shi.

Banda ma tana da nata. Wasu 'yan kasuwa suna fesa wa busasshen kifi Sniper don kada ƙwari su ci, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Uwargida, ki shinshina kafin ki biya. Ƙamshin hayaƙi daban, warin magani daban. Matan gaɓa suna cewa kifin da ƙuda ke gudu abin tsoro ne. Ina ganin akwai hikima a ciki, amma kada ki ɗauka ganin ƙuda shaida ce ta lafiyar kifi. Idan ɗanye ne, ki duba ido garau, ƙarƙashin murfin kunnensa ja, tsoka kuma ta dawo idan kin danna. In bayan cin kifi aka ga mutum yana dalalar da miyau, yana gumi da amai da gudawa, a bar batun manja da madara, a nufi asibiti, a tafi da ragowar abincin.

Ina cikin ciniki na waiga, sai ga ɗana a ruwa har gwiwa tare da yaran gari. Gabana ya faɗi, ba don zurfi ba, don tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke rayuwa a ruwa mara gudu, ta huda fata ta shiga ba tare da an ji ba. Cin kifi ba ya kawo ta, shiga ruwan ne. Jini a ƙarshen fitsari yakan bayyana ne bayan wata biyu zuwa uku, kuma har yau akwai iyayen da suke ɗaukarsa alamar balaga. Ba balaga ba ce, cuta ce da ke lalata mafitsara idan aka ƙyale ta. Maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyin jiki, a sha bayan an ci abinci. Amma ba ya kashe tsutsar tun tana ƙarama, don haka gaggawar ba da shi washegari ɓarnar kuɗi ce.

Na fito da shi na goge masa ƙafafu da tawul, yana ta ƙunƙuni wai sauran yara ba a hana su ba. Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin su nan ne wurin wankansu da wankinsu. Na rubuta ranar a bayan takardar cefane, na ƙirga mako takwas, ranar da zan kai fitsarinsa gwaji. Karfasar kuwa da daddare muka gasa ta da yaji.